Aikin Gidan Tsuntsuwa

Takardar makaranta ta zo ne ranar Litinin, a ninke cikin littafin lissafi. Tsuntsuwa ta miƙo min ita tana cire takalmi a bakin ƙofa. Layi uku ne da jan biro: malamar aji huɗu tana son ganina ranar Laraba da ƙarfe goma, kan maganar 'yata.

Na ce, "Me kika yi?"

"Ban sani ba, Umma."

"Ba ki duba takardar ba?"

"Malama ta ce taki ce."

Har na ji daɗi a raina, wai ina da yarinya mai ladabi da ba ta leƙa takardar manya.

Tsuntsuwa ita ce ta biyu, kuma auta. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan tun tana rarrafe, saboda cin abincinta tsinci-tsinci ne, loma uku ta ce ta ƙoshi. Yayarta tana makarantar kwana, ita yayar kuwa ban ma san lokacin da ta iya karatu ba, na dai waiwaya wata rana na ji tana karanta rubutun jikin kwalin madara. Babansu direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu ko uku bai kwana a gida ba. Ni kuma ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti. Daga bakwai da rabi na safe zuwa huɗu ina zaune a bayan taga, ina rubuta sunayen marasa lafiya, ina hawa tsani ina sauka neman fayil. In na iso gida ƙafafuna har kumbura suke yi, ga girki na jirana.

A nan abin ya samo asali, tun tana aji ɗaya, kuma Allah ya sani ba da niyyar cuta na fara ba. Takan zauna a tabarma bakin ƙofar kicin da littafinta, ni ina ciki ina yanka albasa ina leƙowa. Layi biyar na haruffa sai mu kwashe awa guda a kansu. In na ce ta rubuta b sai ta rubuta d, in na ce d sai ta juya shi. Masu lanƙwasa kuwa ba a magana. Na yi tsawa, ta yi kuka, fensir ya karye, a fere, ya sake karyewa. Wata yamma ina tsaye a kanta har abinci ya kama a tukunya, gida ya cika da ƙauri. Na sauke tukunyar, na dawo na kama hannunta da fensirin a ciki, muka gama shafin cikin minti biyar. Washegari ta dawo tana tsalle, an yi mata tauraro da jan biro. Ta yi dariya, na yi dariya, muka ci abincinmu a kan lokaci.

Na ce wa kaina na yau ne kawai. A aji biyu na koma rubuta mata amsa a wata takarda daban, ita kuma ta kwafe. Kwafarta kyakkyawa ce, sai dai zanawa take yi kamar mai zanen fure, ba ta san abin da ke fitowa ba. In an ba su shafin karatu, sai in karanta mata da ƙarfi sau biyu ina juya miya, ta haddace shi tas, don kanta kamar soso yake. A aji uku aka fara ba su insha'i. Nan ne na koyi yin rubutu irin na yara, gajerun jimloli, ina ma saka kuskure ɗaya ko biyu da gangan don kada a gane. Wanda ya kai ga saka kuskure da gangan ba zai ce bai san abin da yake yi ba.

Na kuma ja mata kunne tun farko. Na ce, "Kada ki faɗa wa kowa ina taya ki. Tsakanina da ke ne."

Jarrabawa kan zo ta faɗi warwas, amma makin aikin gida ya ɗago ta ta tsallake. In babanta ya bugo waya ya tambaya, sai in ce tsoron jarrabawa ne ke damunta, tana girma zai wuce. Ya ce ai shi ma haka ya yi fama. Ni ma har na fara yarda da maganata.

Ranar Laraba na nemi izini wurin aiki na tafi. Ofishin malamai ɗaki ne mai tebur huɗu, kowanne da tulin littattafai, fanka a sama tana juyawa tana ƙara ba iska. Malamar aji huɗu siririya ce mai tabarau, ba za ta kai ni shekaru ba, hannun rigarta duk alli. Muka gaisa, ta ba ni kujera, ta jawo littattafai biyu ta buɗe su a gabana gefe da gefe.

"Maman Tsuntsuwa, dubi wannan." Ta ɗora yatsa kan na aikin gida. "Insha'i kan kakarta. A ajin nan na yara sittin da huɗu, ba su fi uku da za su iya rubuta irinsa ba. Yanzu dubi wannan."

Na aji ne. Kwanan wata a sama, rabin kan magana da aka kwafa daga allo, sai haruffa biyar ko shida a warwatse, sauran shafin fari fat. Ta buɗe na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Ta ce, "Da daƙiƙiya ce da na san yadda zan yi da ita. Amma yarinyar da ta rubuta wancan, ta zo aji ta zuba min ido kamar ba da ita nake ba, wannan taurin kai ne. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na hana ta fita hutun tara. Na sa ta durƙuso gaban allo ya fi sau goma. Makon jiya har rula na sa mata a tafin hannu, abin da ban cika yi ba. Ko ƙwalla ba ta yi. Shi ya sa na ce bari in ji ko akwai abin da ke faruwa a gida."

Ina jin kowace kalma. Insha'in da take yabo ina tuna yammar da na rubuta shi, a tsaye, a kan murfin bokiti. Na so in faɗi gaskiya, amma akwai wasu malamai biyu a ɗakin suna duba littattafai, ɗayansu ma na san shi, yana kawo mahaifiyarsa asibitinmu.

Na ce, "Babu komai a gida, Malama."

Ta aika aka kira ta. Tsuntsuwa ta shigo ta tsaya bakin tebur, hannuwa a baya, safarta ɗaya ta zame.

"Ga mamanki nan. Faɗa min gaskiya a gabanta. Wa ke yi miki aikin gida?"

Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ta mayar da kai ƙasa.

"Ni ce."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Malama."

"To me ya hana ki yi a aji?"

Ta sunkuya ta ja safarta sama.

Malama ta juyo gare ni ta buɗe hannuwa. "Kin gani ko?"

Na ce, "Na gani. Zan yi mata faɗa."

Haka na faɗa. Na miƙe, na yi godiya, na gyara jakata a kafaɗa. Malama ta ce wa Tsuntsuwa ta raka ni bakin ƙofar makaranta ta dawo. Muka ratsa filin wasa. Sai da muka kai wurin maigadi ta kama yatsuna biyu ta jawo ni ƙasa, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Umma, kin ga ban faɗa ba."

Fuskarta a sake, jira take in ce ta kyauta. Na ce, "Koma aji." Na fita da sauri kamar ana korata.

Ranar ban san yadda na ƙarasa aiki ba. Sau biyu ina miƙa wa mutum katin wani, har abokiyar aikina ta ce in ba ni da lafiya in koma ciki ta riƙe tagar.

Da yamma ban ɗora girki ba. Na zaunar da ita a tabarma na buɗe littafin karatunsu, shafin da muka yi makon da ya wuce. Ta ɗora yatsa ta zuba shi tiryan-tiryan, har da tsayawa inda ake tsayawa. Sai na nuna wata kalma a tsakiyar layi na huɗu.

"Wannan fa?"

Na ga leɓɓanta suna motsi, yatsanta ya koma can farkon shafi yana tahowa a hankali. Haddar take maimaitawa a ranta tana ƙirga kalmomi, har ta iso inda na nuna.

"Kasuwa," ta ce. Daidai ne.

Na rufe littafin, na ɗauki farar takarda na rubuta gida da manyan haruffa. Ta daɗe tana kallo.

"Gyaɗa?"

Na rubuta ruwa. Ta ce rana. Na rubuta uwa. Ta dube ni, ta dubi takardar, idonta ya cika.

Shekararta tara da wata bakwai. A gidana take kwana, ni nake mata kitso, na san duk tabon da ke jikinta, amma sai ranar na san ba ta iya karanta kalma mai harafi uku ba. Ko in ce sai ranar na yarda na duba.

Na ce, "A aji yaya kike yi?"

Ta ga ba faɗa zan yi ba, sai bakinta ya buɗe. Ashe yarinyar nan aiki take yi wuni guda wanda ya fi nawa wahala. In ana karatu layi-layi, sai ta ƙirga yaran da ke gabanta ta gano inda zai faɗo kanta, ta roƙi ta kusa da ita ta raɗa mata, ta haddace kafin a iso. In sabon shafi ne sai ta nemi izinin zagayawa, ta tsaya bayan aji har layinta ya wuce. In an ce a rubuta, sai ta yi ta fere fensir. Ta ce haruffan duk kamarsu ɗaya, in ta kama na farko kafin ta kai na uku na farkon ya gudu.

"Ciwon cikin da kike yi da safe fa?"

"Yana ciwon da gaske, Umma. Amma ranar karatu ya fi yi."

Sau uku ina kai ta wurin likita a asibitinmu kan cikin nan. An yi gwaji, an ba ta maganin tsutsa, na tsaya a kanta ta shanye.

"Rular ta yi zafi?"

"Kaɗan. Durƙuson ne ban so, kowa yana kallona."

Da ina da kirki da washegari da sassafe ina makarantar. Ban je ba. Na wuni ranar Alhamis ina neman wata hanya. Na ce ko in canja mata makaranta a fara sabon lale inda ba a san mu ba. Na ce ko in samo mai koya mata a gida a ɓoye, in ta iya shi ke nan, ba wanda ya ji. Duk dabarar da na ƙulla, in na duba sai in ga kaina nake karewa.

Da yamma ta kawo aikin gida ta ajiye a gabana yadda ta saba. Na ce yau ita za ta yi da kanta. Ta zauna har aka kira magariba, ta samu layi biyu da ba mai iya karanta su. Ta zo ta tsaya bakin kicin.

"Umma, fushi kike da ni? Ai ban faɗa ba."

Ranar Juma'a tun kafin a buga ƙararrawa ina ƙofar ofishin malamai. Na samu Malama tana cika rajista, ɗakin cike da abokan aikinta. Ta ce mu fita waje, na ce a'a, nan ma ya yi, don na san in na sake samun wurin ɓuya zan ɓuya. Na faɗa mata komai a tsaye, har da kuskuren da nake sakawa da gangan.

Ta cire tabarau ta ajiye kan rajistar.

"Tun yaushe?"

"Tun aji ɗaya."

"Shekaranjiya a kujerar nan kika zauna, ina lissafa miki abin da na yi wa 'yarki ɗaya bayan ɗaya."

"Haka ne."

"Kika ce za ki yi mata faɗa."

"Haka na ce."

Na shirya ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta zauna tana murza goshi.

"Ni ma ina da nawa," ta ce can. "Wata biyar yarinya tana gabana. Ban taɓa zaunar da ita ita kaɗai na nuna mata kalma ɗaya na ce karanta min ba. Littafi na yarda da shi, ban dubi yarinyar ba."

Ta aika aka kira Tsuntsuwa, ta fita da mu bayan ofis inda ba kowa. Ta durƙusa har tsayinsu ya zo ɗaya, ta ce, "Na hukunta ki kan abin da ba laifinki ba. Ki yafe min." Yarinyar ta rikice, ta juyo tana kallona da tsoro.

Na ce, "Na faɗa mata. Ni na yi laifi, ba ke ba. Daga yau babu abin da za ki ɓoye."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba tun tana ƙarama, har da shessheƙa. Malama ta riƙe ta. Ni na tsaya gefe da jaka a hannu, na rasa ta inda zan taɓa ta.

Aka duba idonta, lafiya lau. Kunne ma haka. Malama ta tura mu wurin wata ƙwararriya da ta san harkar yara masu irin wannan matsala, dattijuwa mai magana a hankali. Ta yi awa biyu da ita, suna wasa da katuna da hotuna. Ta ce mana ƙwaƙwalwar yarinyar garau take, har ta fi ta tsararrakinta a wasu abubuwan. Haɗa harafi da sautinsa ne ke mata wuya, kuma akwai yara da yawa haka, ba lalaci ba ne, ba kuma ciwo ba ne da za a sha magani ya tafi. Koyarwa ce ta daban take buƙata, kaɗan-kaɗan, kullum.

Na ce, "Da an kawo ta tun aji ɗaya fa?"

Ta dube ni ta saman tabaranta. "Da ya fi sauƙi. Amma yanzu kuka zo, da yanzu za mu yi aiki."

Babanta ya dawo bayan kwana tara. Na bari ya yi wanka ya ci abinci, yana zaune a inuwar tsakar gida yana yanke farce, sannan na faɗa masa. Bai katse ni ba har na gama.

"Shekara uku da rabi kina ce min tsoron jarrabawa ne."

"Na ce."

"Kika sa 'yar mutane ta doke ta a banza. Kika sa ita kuma ta yi ƙarya a gabanki." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar. Da ya shigo ya tarar da ita tana wasa da 'yar tsana, ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce min ƙasa-ƙasa, "Ni ma ban taɓa buɗe jakarta ba. Sakamako kawai nake tambaya a waya." Daga nan bai sake tayar da maganar ba, amma ya yi kwanaki ba ya sakin fuska da ni, ban kuma ga laifinsa ba.

Malama ba ta tsaya kan Tsuntsuwa ba. Cikin sati biyu ta bi yaran ajinta ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun tara, kowa ta nuna masa kalmomi a farar takarda. Ta samu wasu huɗu da suke ɓuya a bayan hadda da kwafa. Ta roƙi shugaban makaranta ya bar mata aji bayan an tashi, Litinin da Laraba da Alhamis, rabin awa. Ranar da na samu dama nakan tsaya ta taga in kalla. Ta zuba yashi a faranti, yaro ya zana harafi da yatsa yana faɗin sautinsa. Ta tara murafen kwalba ta rubuta harafi a kan kowanne, su jera su su haɗa ba, bi, bu, su musanya ɗaya su ji yadda kalma ta canja. Sukan tafa hannu su raba kalma gaɓa-gaɓa. Abin da ake yi wa 'yan aji ɗaya ne, amma ba ta taɓa ce musu haka ba.

Ni kuma ta kafa min doka biyu. Minti goma sha biyar na karatu da ita kullum, kada in ƙara ko da yarinyar ta nemi ƙari. Aikin gida kuma ya zo mata yadda yake, ko shafin fari ne. Ta ce, "Kuskurenta nake so in gani. Da shi zan san abin da zan koya mata gobe."

Ban san dokar nan za ta yi min wuya haka ba. In Tsuntsuwa ta tsaya kan kalma tana ja, "ta... ta... tak...", amsar tana kan harshena kamar garwashi. Har zama nake kan hannuwana. Wata yamma, wajen wata na biyu, ta rubuta jimla uku da kanta ta tafi shan ruwa. Na leƙa na ga ta juya d guda biyu. Kafin in yi tunani na ɗauki abin gogewa na gyara su, na ajiye littafin yadda yake. Ta dawo ta zauna, ta dubi shafin, ta dube ni.

"Umma, kin taɓa."

"Guda biyu ne kawai."

Ta goge nawa, ta mayar da nata a juye yadda suke, ta rufe littafin ta sa a jaka. Washegari ni da kaina na faɗa wa Malama. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke ma sai mun samo miki farantin yashi."

Ƙarshen shekara ya zo tana iya karanta gajerun jimloli, a hankali, da yatsa. Ci gaba ne babba, amma bai kai na shiga aji biyar ba. Malama da shugaban makaranta suka kira mu ni da babanta, suka ce shawararsu ta maimaita aji huɗu, a hannun Malama. Muka amince. Faɗa mata ya faɗo kaina, don na ce ni ya kamata.

Ta ji ni har ƙarshe tana tsinkar zaren tabarma.

"Ƙawayena duk za su wuce?"

"Za su wuce."

"In zauna da 'yan aji uku?"

"Shekara ɗaya ce."

Ta yi kuka mai isarta, ta ƙi cin abinci. Da ta lafa ta zo ta zauna kusa da ni, ba ta jingina da ni ba kamar yadda ta saba.

"Umma, da kin bar ni na faɗi tun aji ɗaya, da yanzu na iya?"

Na so in ce mata ba wanda ya sani sai Allah, in rufe maganar. Na ce, "Ina jin da kin iya. Ni na jawo miki wannan shekarar."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin abu, ta tashi ta shiga ɗaki. Satin farko na sabon zango kullum sai na kai ta har ƙofar aji, ina ganin tsofaffin ƙawayenta suna wucewa aji na gaba suna ɗago mata hannu. Ta fi kowa tsawo a layi. Ba ta sake yi min ƙorafi ba, ni ce dai nake kauda kai in na juya.

Yanzu tana aji biyar. Tana karatu, ba da sauri ba, kuma in ta gaji har yau b da d sukan yi mata gardama. Sakamakonta na tsakiya ne, wani zangon ya hau, wani ya sauka. A lissafin baka da duk abin da aka faɗa da baki kuwa ba mai kama ta. Ciwon cikin safe ya tafi da kansa. Mutane suna ce min ai komai ya wuce, in daina tuhumar kaina. Nakan ce to.

Watan jiya, lokacin cin abincin rana, na shiga bayan kantocin fayil na tarar da abokiyar aikina zaune kan tsani, littafin yaro a cinyarta, tana rubutu da fensir da hannun hagu.

Na ce, "Na wa ne?"

Ta yi dariya. "Na ɗan autana. Jiya mun yi ta fama har na gaji, na ce kawo in ƙarasa maka a wurin aiki. Da hagu nake yi don ya yi kama da nasa."

Na jawo kujera na zauna. Ban taɓa ba kowa labarin nan a wurin aiki ba, su dai sun san Tsuntsuwa ta maimaita aji. Na ba ta shi daga farko, ban rage komai ba. Ta saurara, fensirin a hannunta.

Da na gama ta ce, "Allah sarki. Amma nawa ba haka yake ba, wasa ne kawai ya yi masa yawa."

Na ce, "Wataƙila. Ki dai rubuta masa kalma ɗaya a farar takarda ki gani."

Ta ce to, ta ƙarasa layin da take kai, ta sa littafin a jaka. Aka ƙwanƙwasa taga, na tashi na koma aiki. Kwana biyu ba ta ce min komai ba, ni ma ban tambaya ba. A rana ta uku muna rufe ɗaki, tana juya makulli ba ta dube ni ba, ta ce, "Malamar nan taku, kina da lambarta?"